Tallafin Kuɗi Ga Mai Kiwo: A Wane Wata Yake Isa Hannunsa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in faɗi albarkacin bakina kan tallafin kuɗi a hannu da ake ba mutanen karkara masu kiwo. Ni tsohon malamin dabbobi ne. Na kwashe shekara sama da 30 ina bin garke da allura da akwatin ƙanƙara na rigakafi. Na kwana a ruga, na buɗe bakin awakin da ba zan iya ƙirgawa ba, na kuma binne mushe da hannuna a shekarun fari. Abin da zan faɗa can na samo shi, sai ɗan abin da na karanta bayan na ajiye aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da nake yawan ji, kuma daga bakin masu ilimi, mutanen kirki. Wai don me za a ba mai dabba kuɗi, shi da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu? In yunwa ta dame shi, ya kama ɗaya ya kai kasuwa mana. Wasu kuma su ce in dai taimakonsa za a yi, a sayo akuya a ɗaure masa, don kuɗi a hannun talaka ruwa ne a kwando. Wannan magana tana yi mini ciwo, Malam Edita, saboda na ga abin da take jawowa.

Wanda bai taɓa kiwo ba yana ganin garke kamar kuɗi a asusu, ka ciri daidai buƙatarka ka bar saura. Mai kiwo ya san akwai dabbar sayarwa, akwai kuma dabbar da in ta fita gida ya girgiza. Bunsuru da rago da sa da tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, waɗannan na kasuwa ne, ba ya jin komai in ya rabu da su. Karsana fa, da saniya mai tatsa, da akuya mai haihuwar tagwaye? Su ne uwar garke. Daga gare su nonon yara yake fitowa, daga gare su garken baɗi yake fitowa. Idan ruwa ya yi gardama, mazan ne suke fara tafiya, sannan tsofaffi. Ranar da ka ga mutum ya jawo karsana mai ciki ya nufi dillali da ita, kada ma ka tambaye shi lafiya, tura ta kai bango.

Kuma a wace kasuwa yake sayarwa? Kowa ya kawo nasa a mako ɗaya, duk sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Dillali ya san ba za ka koma gida da ita ba, mahauci ma ya sani. A daidai wannan lokaci hatsi yake tashi. Dabba tana faɗuwa, buhu yana hawa, sai ka ga saniyar da a kaka za ta ciyar da gida watanni, a bazarar fari ko rabin haka ba ta kawo ba. Mutum ya sayar da uku don ya sami abin da ɗaya za ta ba shi a lokacin lafiya.

Asarar ba a nan take tsayawa ba. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, saniya wata 9, raƙuma kusan wata 13. Karsanar kiwon daji sai ta kai shekara 3 zuwa 4 kafin ta yi haihuwar fari, kuma ba kowace shekara take haihuwa ba. Wanda ya rasa matan shanunsa a fari ɗaya, yaransa za su girma kafin garken ya dawo, in ma ya dawo. Masu bincike da suka bi diddigin garkunan Borana a kudancin Habasha sun gano cewa akwai wani ƙaramin adadi da in garke ya sauka ƙasa da shi, da wuya ya sake farfaɗowa, domin mai shi ba ya iya tafiya kiwo mai nisa, sai ya zauna a gefen gari yana cinye ragowar ɗaya bayan ɗaya. Na san irin waɗannan mutane. Su ne masu gadi da masu sayar da itace da muke wucewa kullum, da yawansu a dā masu garke ne.

To, a nan ne kuɗin tallafi yake shigowa, kuma bari in ba ka labarin gida biyu da na sani a shekarar fari ɗaya.

Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da awaki tara. Wata ƙungiya ta rubuta sunanta a rukunin farko, kuɗin ya iso mata tun awakin suna tsaye da ƙafarsu, ciyawa ta ƙare amma jikinsu bai zube ba. Ta zo wurina da wata akuya da take zawo, ta ce in ba su maganin tsutsar ciki gaba ɗaya, ta biya a take. Ta sayi dusa da harawa tun kafin su yi tsada, ta sayi hatsin gida, ta rage bashin da ake bin ta don a ci gaba da yarda da ita. Bunsuru biyu ta sayar, da son ranta, ba a matse ba. Matan bakwai duk sun ga damina, biyar a cikinsu sun haihu. Ƙaramin ɗanta bai daina shan nono ba ko na mako ɗaya. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata wannan lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maƙwabcinta, mai shanu shida da 'yan tumaki, sunansa ya faɗa rukuni na biyu. An ce takardu ba su kammala ba, an ce ana jiran sa hannu. Kuɗin ya zo bayan kusan wata biyu, ruwan farko ya riga ya sauka. Kafin nan ya sayar da karsana biyu a wulaƙance, saniya ɗaya ta yi ɓari ta kwanta ba ta tashi ba, wata kuma sanyin ruwan farko ya kashe ta a dare ɗaya. Kuɗin da ya karɓa daidai yake da na matar, amma a abinci da biyan bashi ya ƙare, tun da babu sauran abin da za a ceta. A takardar rahoto kuwa, su biyun abu ɗaya aka rubuta musu: an tallafa.

Ina so masu tsara irin wannan shiri su fahimci abu ɗaya da kowane malamin dabbobi ya sani. Dabbar da ta rame har ta kasa tashi, ko ka cika mata kwano da dusa ba lallai ta rayu ba. Tumbinta ya saba da wofi, in ka ɗura mata hatsi farat ɗaya sai ciki ya kumbura, ka kashe ta da hannunka. Mai ciki tana zubarwa. Mai shayarwa nono ya ƙafe, maraƙi ya riga ta tafiya. Kuma mutuwar da ta fi yawa ba a tsakiyar rani take zuwa ba, sai an yi ruwan farko, jiki babu kitse, sanyi ya kama su, sabuwar ciyawa ta sa su zawo. Ashe akwai ɗan lokaci, makonni kaɗan, da kuɗi kaɗan yake yin aikin kuɗi mai yawa. Idan wannan lokaci ya wuce, ya zama ihu bayan hari.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A Somaliya, an yi watanni ana gargaɗin cewa ruwa ya ƙi kuma dabbobi suna mutuwa, amma manyan agaji ba su motsa sosai ba sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana yunwa a watan Yuli na 2011. Ƙididdigar da aka yi daga baya ta nuna mutum kusan 258,000 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2012, kimanin rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Da fari ya dawo a 2017, aka yi sauri, aka riƙa tura wa mutane kuɗi ta waya tun da wuri. An sha wahala, an yi asarar dabbobi, amma ba a kai ga irin wancan bala'i ba.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na arewacin Kenya, wanda ake kira HSNP, aka kuma fara shi a gundumomin Turkana da Marsabit da Mandera da Wajir, inda yawancin mutane da kiwo suke rayuwa. A zagayensa na biyu, gidaje kimanin 100,000 aka riƙa ba kuɗi duk bayan wata biyu, ko da fari ko babu. Hikimar tana wani wurin: sun rubuta sunayen sauran gidajen yankin tun lokacin lafiya, suka buɗe musu asusu, suka ajiye. Tauraron ɗan'adam yana duba yanayin ciyawa daga sama, in ya nuna ta bushe ta wuce wani mizani, sai a tura wa ƙarin gidaje kuɗi, ba sai an sake fita da takarda da biro ana tambayar sunan kakan mutum ba. Da an yi wa maƙwabcin matar nan haka, da shanunsa suna nan.

A wannan yanki ne kuma cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta fara inshorar dabbobi a Marsabit a 2010, ita ma da hoton ciyawa take aiki, ba da ƙirga mushe ba. Da farko biyan diyyar dabbar da ta mutu ake nufi, daga baya aka gane cewa gara a biya tun tana numfashi, mai ita ya sayi abinci da ruwa da magani. Har an yi mata tsarin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, a Wajir saboda makiyaya Musulmi, kuma a 2015 gwamnatin Kenya ta fara biya wa wasu gidaje kuɗin inshorar. Can Mongoliya ma, inda sanyi ne yake kisa ba zafi ba, wani mugun hunturu a 2009 zuwa 2010 ya kashe miliyoyin dabbobi, kuma a farkon 2018 Red Cross ta ƙasar ta raba wa makiyaya kuɗi da kayan kula da dabba bisa hasashen yanayi, kafin sanyin ya kai ƙarshe. Ƙasa daban, dabba daban, amma duk agogo ɗaya suke kallo.

Maganar cewa za su shanye kuɗin a giya da taba ba zan daɗe a kanta ba. A 2014 masana biyu na Bankin Duniya sun tattara nazari 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, ba su ga alamar cewa tallafin kuɗi yana ƙara kashewa a kan waɗannan abubuwa ba. Ɓatagari akwai su a ko'ina, har a cikin masu albashi, ba mu kuma taɓa cewa a daina biyan albashi ba.

Sai masu cewa a sayo akuya a ba su. A nan dole in faɗi laifina. Na taɓa shiga wani aikin rabon awaki bayan fari, ni ne na duba su na sa hannu. Ɗan kwangila ya kwaso su daga nesa a babbar mota, an cushe su kwana biyu, wasu sun iso da majina a hanci da gyambo a baki. An matsa mana a raba ranar da aka tsara saboda manyan baƙi za su zo, ban tsaya da ƙarfi na ce a killace su ba. Cikin makonni uku cutar nan mai kashe awaki da tumaki ta shiga ƙauyukan, ta tafi da na rabon, ta haɗa da 'yan ragowar da mutane suka sha wahalar tsirar da su daga fari. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Da kuɗin aka ba su, kowa zai je wurin wanda ya sani, ya zaɓi akuyar da ta saba da ƙasar, wadda ya san uwarta, ya duba haƙorinta da hantsarta da idonsa. Kuma kuɗin zai zauna a yankin, a hannun wani makiyayin. Ban ce rabon dabba ba shi da rana ba, amma ɗan kwangila ya fi son sa fiye da yadda makiyayi yake son sa.

Abin lura, mutanen karkara in suka sami kuɗi a kai a kai, dabba suke saya da kansu ba tare da an ce musu ba. An ga haka a shirin tallafin kuɗi na gundumar Mchinji a Malawi da aka fara a 2006, an gani a shirin tallafin yara na Zambiya da aka fara a 2010: gidajen da suke karɓa sun fi sauran mallakar kaji da awaki. Daga kaza ake farawa, kaza ta zama akuya. Yadda ake ba da kuɗin ma yana da tasiri. A yammacin Kenya, inda ƙungiyar agaji ta GiveDirectly ta riƙa tura kuɗi ta waya, ta hanyar M-Pesa, masu nazari sun ga waɗanda aka ba dunƙule sun fi sayen abu mai ɗorewa kamar kwanon rufi, waɗanda ake ba wata-wata kuma abincin gidansu ya fi daidaita. Saboda haka mai shiri ya san abin da yake nufi. In so yake garke ya tsira a fari, kaɗan-kaɗan a kan kari. In so yake wanda ya rasa komai ya sake kafa garke, ɗan abin wata-wata ba zai sayi karsana ba, sai an dunƙule masa.

Kada a ce na mai da kuɗi maganin kowace cuta. Kuɗi ba ya tsirar da ciyawa, ba ya cika rijiya, ba ya buɗe burtalin da aka toshe da gona, ba ya korar ɓarawon shanu. Idan babu dusa a kasuwa, kuma babu hanyar da mota za ta kawo, kuɗin tsada kawai zai ƙara. A farin da ya auka wa yankin Ƙahon Afirka daga 2020 zuwa 2023, damina biyar a jere ta gaza, dabbobi sama da miliyan 9 sun mutu tun kafin 2022 ta ƙare, a ƙasashen da suke da waɗannan shirye-shirye da na yaba. Akwai farin da ya fi ƙarfin aljihu. Rigakafi kuma aikin hukuma ne, ba a barin kowa ya sayi tasa, domin cuta ba ta tambayar wane ne ya karɓi tallafi. Da haɗin kai aka kawar da cutar bushiya mai kashe shanu daga duniya a 2011, ba da kowa tasa ta fisshe shi ba.

Wani lokaci ma taimakon da ya fi shi ne a kawo wa makiyayi mai saye tun dabbarsa tana da nama. A 2006 an haɗa fatake da makiyayan yankin Moyale na kudancin Habasha, suka sayi shanu kusan 20,000 a tsakiyar fari, masu su kuma suka zuba wani babban kaso na kuɗin wajen ciyar da waɗanda suka rage. Wannan ma kuɗi ne a hannu, kuma nasa ne.

Akwai kuma kuskuren da ake yi na ɗaukar tsarin manomi a ɗora wa makiyayi. Shirin PSNP na Habasha, wanda aka fara a 2005, an gina shi ne a kan mutanen da suke zaune wuri ɗaya, su yi aikin gayya a biya su. Da aka kai shi yankunan makiyaya irin su Afar, masu nazari suka tarar ana raba abin da gida ɗaya ya karɓa tsakanin dangi da maƙwabta har ya zama kaɗan a hannun kowa. Wasu ma'aikata suna ganin wannan ɓarna ce. Ni ban gan ta haka ba. Wanda ya ba ɗan'uwansa yau, shi za a ba aron saniyar tatsa gobe, kuma wannan zumunci ya girmi duk wani shiri. Abin da ya kamata shi ne a sa shi cikin lissafi. Haka nan wanda aka ce sai ya zauna ya haƙa rami kafin a biya shi, wa zai kai masa shanu inda ruwa yake?

Rajista ma haka. Ranar da masu rubuta suna suka zo, mai garke yana can tafiyar kwana huɗu yana neman mashaya. Waɗanda aka samu a gari su ake rubutawa. In an rubuta shi ma, sai a ce ya zo da katin shaida, ko na'ura ta ƙi karanta yatsansa da igiya da guga suka cinye, ko a tura kuɗin ta waya a dajin da babu sabis, ya yi tafiyar yini, wakilin biya ya ce kuɗi sun ƙare, ko ya yanki nasa. Sannan a duba hannun da ake danƙa wa kuɗin. A gidajen da na shiga, ƙananan dabbobi da nono da tukunya a hannun mata suke, su ne kuma suke zaune da yara da dabbobi marasa ƙarfi lokacin da maza suka tafi da manyan. Idan sunan maigida kaɗai ke kan kati, kuma katin yana aljihunsa a can daji, waɗanda suka fi buƙata sun zauna hannu rabbana.

Ana kuma auna talauci da ido. An ga mutum da shanu goma an ce mai kuɗi ne, an tsallake shi, alhali mutum goma sha biyu suke ci a jikinsu, kuma fari ɗaya ne tsakaninsa da gadi a birni. Riƙe shi a kan ƙafarsa ya fi sauƙi a kan ɗaga shi bayan ya faɗi, ko ta fuskar kuɗin gwamnati aka duba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan hukuma ko ƙungiya ta kira 'yan jarida ta ce ta raba wa gidaje kaza kuɗi kaza, wakilinka kada ya tsaya a adadin. Ya tambaye su ranar da aka rubuta sunayen da ranar da kuɗin ya shiga hannu, ya rubuta mana kwanakin da ke tsakani. Sannan ya daure ya koma ƙauyen bayan damina ta zauna, ya sami matar gida, ba mai unguwa ba, ya tambaye ta matan awaki nawa take da su kafin fari, nawa suka rage, kuma yaranta sun ci gaba da shan nono ko sun daina. Ina so in karanta amsarta a wannan shafi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi, mai karanta jaridarku.